A Yarda da Mudu Kafin a Kwance Buhu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga uwata Rakiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ke da direba da duk wanda kuka haɗa mota da shi. Ina rubuta ta ne kina ɗaki kina ninke kaya, kuma a ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawar da innarki ta haɗa miki zan cusa ta, don na san ba za ki gan ta ba sai yunwar miyar gida ta kama ki. Allah Ya ratsa da ku dajin nan lafiya, Ya kawar da idon mugu daga kanku, Ya tsare gabanki da bayanki.

Labarin gida ba zan ba ki ba, ke kika baro shi da ɗuminsa. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro.

Kin gaya min kamfanin da kika daɗe kina yi wa aiki daga gida sun kira ki ki zauna da su, kuma a makon farko za a yi zama a kan manhajar nan taku ta rajistar manoma masu karɓar taki, wadda da damina ta kawo kai sai ta koma tafiyar hawainiya. Shugabanku yana son a nuna masa inda cutar take. Na kuma ji ki a waya, ba laɓe na yi ba, katangar gidanmu ce ba ta iya riƙe sirri, kina gaya wa ƙawarki cewa laifin yana ɓangaren da abokin aikinki Ɗanjuma ya rubuta, wai shugaba ya riga ya ƙosa da shi, kalma ɗaya ta rage a sallame shi. To, uwata, kalmar nan a bakinki take. Kafin ki sake ta, ki saurari tsohon ɗan kasuwa.

Kin san karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, sauran a tsakanin buhuna na ƙarasa shi. Duk abin da na sani na kwamfuta ke kika koya min a kan tabarmar zaure, ina tambaya kina dariya. Ke kika ce min a cikinta akwai ma'aikaci guda da duk aiki ke bi ta hannunsa, kuma akwai abin da kuke kira furofaila, wanda aikinsa kawai ya nuna inda lokacin ma'aikacin nan yake tafiya. Na ce miki, “Ashe ɗan leƙen asiri ne.” Kika ce, “Baba, ma'auni ne.” Na riƙe wannan kalma. Ban iya rubuta manhaja ba, amma ma'auni na san shi ciki da bai, har da yadda ake cuta da shi.

Bari in fara da gonar Gayam. Kin taso kina jin ana cewa mun taɓa yin gona a can, ba wanda ya gaya miki inda ta tafi. Injin niƙa ya cinye ta.

Lokacin kina goye, ina da inji ɗaya a bakin kasuwa, da mai tuƙa min shi, Sale mutumin Kutemeshi. Ranar kasuwa layin mata yakan kai har rumfar masu manja. Wata ta gaji ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce injin maƙwabci ina kallo. Ban tambayi kowa ba, ban tsaya na duba komai ba, na yanke hukunci a raina cewa injin ne ya yi ƙanƙanta. Na sayar da gonar da na gada, na tafi Zariya na sayo babba. Mai sayarwa ya tayar min da shi a cikin shagonsa, babu ko ƙwayar dawa a bakinsa, yana ruri kamar zaki. Ya ce, “Alhaji, ka ji murya?” Na ce, “Na ji.” Muryar na saya. Da na kawo shi na gwada shi ranar da ba kasuwa, da busasshiyar masara tiya guda, ya lashe ta kafin in gyara hula. Na bi rumfa-rumfa ina cika baki. Ranar kasuwa ta zagayo, layi ya kai rumfar masu manja, bai ragu da ko mace ɗaya ba.

Don haka abu na farko: kada ki yarda kowa a wurin zaman nan ya ce a sayo babbar na'ura ko a rushe manhaja a sake gini alhali ba a auna ba. Zato ba ya biyan kuɗin gona. Kuma in za ki auna, ki auna ranar kasuwa. Ke da kanki kika ce a kwamfutarki ta gida da sunayen manoman ƙarya ’yan kaɗan kike gwaji. Wannan tiyar masarata ce. Ki nemi izini ki kafa ma'auninki a kan na'urar da jama'a ke shiga da gaske, a lokacin da suka yi mata rubdugu, ko kuwa ki haɗa taron da ya yi kama da nasu. Jakin da ba a ɗora wa kaya ba kowa ya gan shi sai ya ce ingarma ne.

Yadda na fara gane bakin zaren ba wayona ba ne, mashin ne ya kayar da ni. Maɗori ya ɗaure min ƙafa ya ce kada in taka. Zaman gida ya ishe ni, sai na sa ana kai ni benci a tsallaken injin, in zauna da rediyona. Ba na sa wa kowa baki. Can in an jima in ɗaga kai in ga abin da ake yi, in mayar da kai. An jima kuma in sake ɗagawa. Da yamma ta yi sai na lura da wani abu: mafi yawan ɗaga kan da na yi, injin yana ruri ne a banza yana shan mai, babu komai a cikinsa, Sale kuma yana durƙushe da bokiti yana wanke bakin inji. Ashe ƙaton da na sayar da gona dominsa yawancin yininsa jira yake yi.

Ranar da kika bayyana min ma'auni iri na farko, mai leƙawa a kai a kai ya ga wane aiki ake yi a wannan ƙiftawar ido, ya tara leƙen ya fitar da hoto, shi ya sa na yi dariya har na ƙware da shayi. Zaman bencina ne aka sa wa sunan Turanci. Amfaninsa shi ne ba ya takura wa mai aiki, har a manta yana wurin. Da shi za ki fara. Sai dai ki riƙe abin da bencin ya koya min: ki tabbata wanda kika zaɓa yana ganin jira, ba aiki kaɗai ba. Kin ce wasu ba sa ƙirga komai sai lokacin da ma'aikacin cikin kwamfuta yake gumi. In cutar taku jira ce, jiran amsa daga rumbun bayanai ko jiran layin sadarwa, irin wannan ma'auni zai ce miki lafiya lau alhali manomi yana tsaye a rana. Ki fara tambayar kanki, injin nan wahala ta yi masa yawa ne ko zaman banza? Amsar ita za ta zaɓa miki ma'auni.

Yanzu ga wauta ta biyu. Da ƙafata ta warke, na ce ai na kama ɓarawo, Sale ne mai nawa. Na ɗaura agogo na tsaya a kansa. Na ce duk abin da zai yi sai ya faɗa da baki kafin ya fara, ya kuma faɗa in ya gama. “Zan kwance.” “Na kwance.” “Zan wanke.” “Na wanke.” Ya rikice, ya yar da notin inji a cikin gari, aka tsaya nema. Wata tsohuwa mai ƙosai daga Saminaka ta leƙo daga layi ta ce, “Alhaji, niƙa muka kawo ko karatun allo?” Ranar layin ya wuce masu manja ya kai masu gishiri. Awon da kansa ya zama cutar.

Wannan shi ne ma'auninki iri na biyu, mai tsayawa a ƙofar kowane aiki yana rubuta shiga da fita. Yana da nauyi. In kika baza shi a kan manhaja gaba ɗaya ranar da jama'a suka taru, ke za ki durƙusar da ita, kuma lissafin da zai ba ki na manhajar da aka ɗaure wa dutse a ƙafa ne. Amma kada ki raina shi, domin akwai abin da shi kaɗai ya iya faɗa. Mai leƙe yana gaya miki inda lokaci ya tafi. Mai tsaron ƙofa yana gaya miki sau nawa aka shiga. In mai leƙe ya nuna miki lungu, sai ki kai mai tsaron ƙofa wannan lungu shi kaɗai, na ɗan lokaci, ki ɗauke shi.

Na san haka ne domin tsayuwar agogon nan, duk da ɓarnar da ta yi, ta nuna min abin da ban so gani ba. Sale ba shi da nawa. Kowane wanki yana gama shi kafin ka amsa sallama. Yawan wankin ne ya kashe mu. Wannan ta kawo dawa, mai bi mata jiƙaƙƙen wake, ta bayanta barkono, sai kuma masara. Kowane canji sai an kwance an wanke an goge. Wa ya kafa dokar cewa lallai a bi layi yadda aka zo, kada a tsallake kowa, kuma a wanke bayan kowace ƙwarya? Ni. Sale ya taɓa ce min, “Alhaji, da za a tara masu busasshe a gama da su, sannan a shiga markaɗe.” Na ce masa ni na sayi inji ko shi?

To a nan ne nake son ki buɗe kunne, don abin da zan faɗa ko innarki ba ta san shi ba.

Na gane laifina ne tun ina tsaye da agogon a hannu. Amma duk kasuwa ta san na sayar da gonar gado, kuma duk kasuwa tana jiran ta ji dalilin da ya sa layi bai ragu ba. Na auna wanda ya fi sauƙin ɗauka, a ce Alhaji Garba wawa ne ko a ce Sale malalaci ne. Na sallami Sale a gaban mutane. Na ɗauko wani, na ja shi gefe na ce masa ya riƙa tara masu busasshe da safe, markaɗe daga baya. Layi ya watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Mutane suna wucewa suna cewa, “Kai, Alhaji ya huta da ya rabu da wancan.” Ina amsawa da “Alhamdu lillahi.” Sunan nan ya bi Sale, babu mai injin da ya sake ɗaukarsa a garin nan. Ya koma Kutemeshi ya kama fartanya. Har yau in ya shigo kasuwa da dawarsa yakan tsaya a rumfata ya gaishe ni har da rusunawa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ke yakan tambaya, ya ce ina mai sunan Hajiya. Da zagina yake yi da na fi samun barci.

Me ya sa nake tone wannan? Saboda ranar Lahadin nan da kika kira ni zaure da murna. Kika ce, “Baba, zo ka ga, na kama shi.” Kika nuna min hoton da ma'auninki ya fitar, mai kama da harsunan wuta an jera su hawa-hawa. Kika ce tsawo ba komai ba ne, faɗi ake dubawa, wanda ya fi faɗi shi ya fi cin lokaci. Kika ɗora yatsa a kan wani shimfiɗeɗɗe a sama kika ce, “Ka ga wannan? Na Ɗanjuma ne, mai ɗauko bayanin manomi daga rumbu.” Na tambaye ki na ƙarƙashinsa fa, su wane ne? Kika ce su ne masu aikensa, kowane na ƙasa shi ya kira na samansa. Ni kuma da bakina na dillali na ce, “To wa yake ta aiken bawan Allah haka?”

Wallahi ban yi tambayar da wata manufa ba. Kika sauke ido ƙasa kaɗan a kan hoton. Sai kika rufe kwamfutar kika ce caji ya ƙare. Uwata, rana tana tsaka, solar gidan nan har ƙara take yi don ƙoshi.

Ban iya karanta abin da ke rubuce a wurin ba. Fuska na iya karantawa, da ita na ci abinci shekara da shekaru. Fuskar da na gani ranar na san ta, domin na taɓa sa ta, da agogo a hannuna. Kuma na lura tun daga ranar kin shiga sauko da ma'auni iri-iri, ki gwada wannan ki yi tsaki, ki gwada wancan. Da na tambaya kika ce na farkon ba shi da inganci. Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma gwajin gida ne ya yi miki ƙarya, kamar yadda tiyar masara ta yi min, kuma ranar kasuwa ta nuna Ɗanjuma ne da gaske. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba tukuna. Abin da na sani shi ne akwai bambanci tsakanin mai neman mudun da ya fi daidai da mai neman mudun da zai faɗi abin da yake so.

Na san wannan ma don na yi. Farkon shigata dillancin hatsi ina da mudu biyu, mai zurfin ciki na saye, mai bugaggen gindi na sayarwa. Mai sunanki, Allah Ya jiƙanta, ta gan su a buhuna wata rana. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Garba, da wanne za a auna maka a can?” Na jefa ɗaya a rijiya. Shi ya sa a kasuwarmu, in ciniki na mutunci ne, ba a kwance bakin buhu sai mai saye da mai sayarwa sun ɗauki mudu sun juya shi, sun ƙwanƙwasa gindinsa, kowa ya ce na yarda. In an riga an ga hatsi, kowa mudun da zai fisshe shi yake nema.

Ga abin da nake so ki yi, kuma ba shawara nake ba ki ba, umarni ne na uba, ko da yake da sunan uwata nake kiranki.

Kafin ranar zama, ki sami Ɗanjuma ku biyu. Ki ce masa ga ma'aunin da kike son a kafa, ga dalili, ga ranar da jama'a suka fi yawa, ga lungun da za a sa wa mai ƙirga shiga da fita. In yana da nasa ma'aunin da ya fi yarda da shi, a kafa duka biyun, mudu biyu na gaskiya ba sa faɗa da juna. Ku gaya wa shugabanku kun yarda da wannan tun ba wanda ya ga sakamako. Sannan a kwance buhu a gaban kowa. Tambayar da za ku nemi amsarta guda ce: ɓangaren Ɗanjuma nawa gare shi in an aike shi sau ɗaya, ko kuwa aike ne ya yi masa yawa? In aike ne, wa ke aiken?

In ya fito nasa ne, ki bar shi ya faɗa da bakinsa, ki taya shi gyara. Ba a ɗauke ki aiki don ki zama mai yanka ba. In kuwa ya fito naki ne, ɓangarenki ne yake aikensa rumbu sau ɗaya don kowane manomi maimakon ya tara saƙo ya aike shi gaba ɗaya, to ki riga kowa buɗe baki. Ki ce, “Nawa ne, ga inda yake, ga yadda zan gyara.” Ki gyara abu ɗaya tak, ki sake aunawa da mudun nan dai, a irin ranar nan dai, ki ajiye hoton farko kusa da na biyu kowa ya gani. Kada ki gyara abu biyar a tare, don ba za ki san wanne ya yi magani ba. Kuma kada, kada ki yi irin tawa, ki bari a kori mutum sannan ki lallaɓa ki gyara naki a ɓoye a yi ta yaba miki. Na ɗanɗana wannan yabo. Ba ya narkewa a ciki.

Na san abin da kike tsoro. Sabuwa ce ke a ofishinsu, mace ce, daga Birnin Gwari kika fito, kina ganin kuskure ɗaya ya isa a ce dama mun faɗa. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba za a faɗa ba. Wataƙila ma shugaban naku irin Alhaji Garba ne na wancan zamani, mai neman wanda zai ɗora wa kaya. In sun sallame ki saboda kin faɗi gaskiya, ɗakinki yana nan, solar tana nan, kuma wanda ya iya gano cutar manhaja har ya nuna ta a jikinsa ba ya rasa mai nemansa. Aiki ana sake samu. Amma in kika ci wannan kujera da naman Ɗanjuma, kullum da safe sai kin wuce ta gaban teburin da ya bari.

Kada ki ce tsoho ya ɗora miki abin da shi ya kasa. Ranar kasuwa mai zuwa Sale zai shigo da dawarsa, an ce hanyarsu ta yi sauƙi kwanan nan. Na yi niyya, in Allah Ya kai mu, ba zan bari ya rusuna ba. Zan riƙe hannunsa a gaban masu manja da masu gishiri, waɗanda suka rage cikin waɗanda suka ji na kira shi malalaci, in faɗi wanda ya kafa dokar wanki. Tsoro nake ji tun yanzu, ni da na yi ciniki da mutanen da ko ’yan sanda ba sa son haɗa ido da su. Amma zan yi. Ke ki kwance naki buhun a Kaduna, ni in kwance nawa a nan, mu ga wanda zai riga kiran wani a waya.

Innarki tana gaishe ki, ta ce daddawar ki riƙa shanya ta kada ta yi fumfuna. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki na gari, Ya sa ki zama ta gari a gare su. Allah Ya ba ki ido mai ganin gaskiya da bakin da zai iya ɗaukarta. Ya zaunar da garinmu da dajinmu lafiya, Ya dawo mana da ke muna masu alfahari. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki, kuma ɗanki,
Alhaji Garba mai inji,
Birnin Gwari.